Mun Gaji da Hangen Dala

Jawabin da 'yar uwarmu, 'yar kasuwa kuma ɗalibar ajin yaƙi da jahilci, ta gabatar a madadin kwamitin fita, ranar bikin cikar ƙungiyarmu shekara 10.



Iyayenmu mata da ke zaune a gaba, Hajiya shugaba, ma'aji da sakatariya, malamarmu ta aji, 'yan uwa na Gaya da na Ajingi, waɗanda suka yi sammako tun daga Kademi da Shagogo da Toranke da Balare, mazajenmu da suka yi mana kara suka zauna can gefen rumfa, da 'ya'yanmu masu raba ruwa, muna yi wa kowa sannu da zuwa. Allah ya saka da alheri, ya mai da kowa gidansa lafiya.

An ba mu ɗan lokaci mu yi magana a madadin matan da ake kira kwamitin fita, ko kuma yadda wasu ke kiranmu a bayan ido, 'yan yawon dutse. Sunan ya iso kunnenmu, kuma mun karɓa. Wannan takarda mu muka rubuta ta da hannunmu, zama uku muka yi a kanta a aji. In kun ji mun yi tuntuɓe a karatu ku yi mana uzuri, don shekara huɗu da suka wuce ko sunanmu ba ma iya rubutawa, dangwale muke yi.

Ma'aji ta karanta lissafin shekara, kowa ya ji abin da ya shigo da abin da ya fita, alhamdu lillahi. Mu kuma maganar ƙafa muka zo da ita: yadda muka fara tattaki, yadda muka hau Dala, yadda muka shiga duwatsun Dutse, da kuskuren da muka tafka a tsakani. A ƙarshe akwai roƙon da za mu ajiye a gabanku. Ku ne za ku ɗaga hannu ko ku ƙi ɗagawa.

Abu biyu ne suka tashe mu, kuma cikin wata guda suka faru.

Na farko a aji ne. Malama ta zo mana da darasin tarihin Kano. Muna bin layi da yatsa sai muka ci karo da sunan garinmu. Masu tarihi sun ce wasu maƙera ne suka taso daga nan Gaya suna neman tama, dutsen nan da ake narkawa a fitar da ƙarfe, suka same ta a gindin Dala suka zauna. Jagoransu sunansa Kano, kuma da sunansa ake kiran birnin. Zuriyarsu su ne Abagayawa. Wannan duk kafin zuwan Bagauda, wanda aka ce ya fara sarauta a shekarar 999. Da muka gama, Malama ta ce wadda ta taɓa hawa Dala ta ɗaga hannu. Aji ya yi tsit. To kun san dai babu wadda ba ta zuwa birni a cikinmu. Kantin Kwari mun sani, Kurmi mun sani, Sabon Gari da Singa mun sani, layin asibiti ma mun sani. Jan dutsen nan muna hango shi ta tagar mota, mu wuce. Sai babbarmu a aji ta ce, "Ashe an juya mana karin maganar. An ce hangen Dala ba shiga birni ba, mu kuwa mun shiga birnin, Dalar ce muka bari a hange."

Na biyun ba na dariya ba ne. Cikin watan nan ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa wannan ƙungiya ta yanke jiki ta faɗi a bakin kaskon ƙuli-ƙulinta. Kun san ta, ba sai mun faɗi suna ba. Ɓarin jikinta ya shanye, kwananta tara Allah ya karɓi abinsa. Ba ta cika hamsin ba. A asibiti aka ce hawan jini ne da ya daɗe a jikinta ba ta sani ba. Allah ya jiƙanta, ya raya abin da ta bari.

Bayan an yi addu'ar arba'in, Hajiya shugaba ta gayyato wata ma'aikaciyar lafiya ta zo taronmu da abin awon jini. Ta auna mu ɗaya bayan ɗaya, kuma da yawa daga cikinmu sakamakon bai yi daɗi ba. Ta tura wasu asibiti, ta yi mana faɗa a kan gishiri da ɗanɗanon miya, sannan ta ce mu riƙa tafiya a ƙafa. Wallahi dariya muka yi mata. Mu za a ce wa mu yi tafiya? Mu da ba ma zama tun asuba? Ta ce to, kowa ta lissafa tafiyar da ta yi jiya.

Muka lissafa, jikinmu ya yi sanyi. Ruwa, ga famfon tuƙa-tuƙa a bakin layi, ko a saya wurin 'yan garuwa. Daka da niƙa inji ya karɓe. Kasuwa, babur ko adaidaita. Mu isa rumfa mu zauna kan kujera daga hantsi har la'asar, ko canji yaro muke aika. Masu sana'a a gida kuwa, daga gindin murhu sai gindin kasko. Gajiya kam muna gajiya, ƙugu ya riƙe, baya ya sage, amma gajiyar zama ce. Iyayenmu da ke nan gaba su ne suka yi tafiya. Su ɗora kaya a ka tun da duhu, su ci kasuwar ƙauye a ƙafa, su dawo a ƙafa, su ɗora tukunya. Mu mun gaji sana'arsu, ƙafarsu ce ba mu gada ba.

Ma'aikaciyar nan ta ce Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa babban mutum yana buƙatar motsa jiki na aƙalla minti 150 a mako, wato rabin awa sau biyar. Ba gudu ba. Tafiyar da za ta sa numfashi ya ɗan ɗaga amma kina iya hira da ta kusa da ke. Ta kuma ja kunnenmu cewa tafiya ba ta hana shan magani, wadda aka ɗora a kan magani ta ci gaba da shan abinta.

Daga nan muka fara, kuma a bayan gida muka fara. Ƙasarmu shimfiɗaɗɗiya ce, ba mu da tsaunuka irin na Riruwai can kudancin Kano. Abin da muke da shi turbar gona ce, da burtali, da fadama. 'Yan Gaya muka zaɓi bayan la'asar a ranakun da ba kasuwa, mu bi turba mu zagaya mu dawo kafin magariba. 'Yan Ajingi suka nufi wajen fadama, ɓangaren kogi.

Matsalar farko ba ƙafa ba ce, baki ne. A garuruwanmu mace ba ta fita sai da dalili: biki, suna, gaisuwa, dubiya, asibiti. Mata shida sun jero, a tambaye su ina zuwa, su ce ba ko'ina, ai kun san magana ta samu. Wata ta ce mun rasa aikin yi, wata ta ce ko wani ɗan siyasa ne yake rabon atamfa a daji. Sai muka yi dabara. Muka ce tunda dalili ake so, ga dalili. Duk fita sai mu sa wani gida a gaba a unguwar da ke nesa ko ƙauyen kusa: mai jego, tsohuwar da ba ta iya fitowa, wadda aka yi wa rasuwa. Mu je a ƙafa mu dawo a ƙafa. Ga lafiya ga zumunci, bakin mai magana ya mutu. Waɗanda ba sa fita da rana kuma suka riƙa zagaya tsakar gida, wasu maigida ya yarda su fita bayan magariba tare da yara.

Abin da ba mu zata ba shi ne ido ma zai buɗe. Wanda ke kan babur hanya kawai yake gani. A ƙafa muka lura 'ya'yanmu mata ba sa bambance kanya da magarya, ba su san aduwa ba sai a faranti. Muka nuna musu gawo, itacen da ke zubar da ganye da damina ya yi kore shar da rani, shi ya sa hatsin gindinsa ya fi na ko'ina kyau. Masu daddawa a cikinmu suka fara ƙirga ɗorawa a hanya, suka ga tsofaffi ne kawai suka rage, babu ƙanana masu tasowa. Nan suka gane dalilin da ya sa kalwa take tsada har ake komawa waken suya. 'Yan Ajingi suka ga inda ambaliya ta kai a jikin itatuwa, suka ga masu noman rani da injinan ban ruwansu, har wasu suka ƙulla ciniki da masu albasa da tumatir a bakin lambu, ba dillali a tsakani. Kun ga an fita neman lafiya an dawo da ciniki.

Da muka yi wata huɗu a haka, ƙafa ta yi ƙwari, sai muka ce saura Dala.

Cikin hunturun bara waccan ne. Muka ɗauki shatar mota, mu goma sha takwas da dattawa biyu daga cikin mazajenmu. Muka tashi bayan asuba, muka haye gadar Wudil hazo na kwance kan ruwa. A birni motar ta ajiye mu, muka bi lunguna yara na nuna mana hanya har gindin dutsen. Akwai matakala ta siminti da aka yi masa. Daga ƙasa sai ka ce abin wasa ne. Kafin rabi kowa ta daina surutu, sai haki. Babbarmu, wadda ta kusa sittin, ta ce ita da ƙirge za ta hau, tunda yanzu ta iya lissafi. Tana ƙirgawa da ƙarfi, ta kai wani wuri ƙirgen ya ɓace mata, ta ce a sauka a sake. Dariya ta kusa kayar da mu. Sau uku muka tsaya hutu, mai ƙarfi ta riƙe hannun marar ƙarfi, babu wadda aka bari a baya.

Jama'a, gani ya kori ji. Saman Dala fili ne, jar ƙasa, iska na kaɗawa. Birnin da ke haɗiye mu duk lokacin da muka je saro kaya, ga shi a ƙarƙashin ƙafarmu, rufin kwano iya ganin ido. Ga Goron Dutse can. Ga hasumiyoyin babban masallacin Juma'a kusa da gidan sarki. Malama ta nuna mana sashen Kurmi, ta ce Sarki Muhammadu Rumfa ne ya kafa ta, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499. Wato kasuwar da muke ciniki a cikinta ta haura shekara 500 tana ci. Muka juya gabas muna neman Gaya, hazo ya tare. Wata ta ce, "Maƙeran nan dai ba mota suka hau ba." Kowa ta yi shiru tana auna nisan.

A nan ne abin da ya fi tsaya mana a rai ya faru. Akwai 'yar uwarmu da ba ta cika magana a taro ba. Muka ga ta koma gefe ta zauna, ta ja hijabi tana share ido. Muka ɗauka jiri ne ko wani ciwo. Ta ce lafiyarta ƙalau. Ta ce, "Shekarata ashirin da shida da aure. Yau ce rana ta farko da na zauna awa guda babu wanda ya ce in miƙo masa wani abu." Babu wadda ta ba ta amsa, don duk maganarmu ta faɗa. Mun hau ne don hawan jini da tarihi, ashe akwai wata gajiyar da abin awo ba ya gani.

Ba za mu ɓoye ba, mun ga abin takaici a can: zaizaya na cin gefen dutsen, ga leda ko'ina. Mu dai mun tattara tamu mun sauko da ita.

Yanzu ga kuskuren, kuma a gaban kowa za mu faɗe shi. Kuɗin motar nan daga asusun rance muka ara, da niyyar mu mayar cikin wata. Ba a kawo maganar gaban babban taro ba, 'yan kwamiti kawai muka shirya. Cikin makon sai wata 'yar uwa ta zo neman rancen da za ta sayi gyaɗa ta ajiye tun tana araha, aka ce ta jira. Kafin mu mayar da kuɗin gyaɗa ta tashi, ribar shekararta ta tafi. Ta yi fushi, ta yi wata uku ba ta zuwa taro, kuma tana da gaskiya. Mun je har gida mun ba ta haƙuri, mun haɗa abin da ya sauwaƙa mun rage mata asara. Yau tana cikin wannan rumfa, muna ƙara ba ta haƙuri a bainar jama'a. Masu cewa kuɗin ƙungiya na jari ne ba na yawo ba, a wannan kun fi mu gaskiya.

Shi ya sa fita ta biyu, bara cikin watan Janairu, kowa daga aljihunta ta tara. Wannan karon gabas muka yi, zuwa Dutse. Ai maƙwabtanmu ne, kafin a ƙirƙiri Jihar Jigawa a 1991 duk jiha ɗaya muke. Sau nawa muka wuce ta nan zuwa biki ko kasuwar Shuwarin, ba mu taɓa tunanin duwatsun nan ana hawansu ba? Kana matsowa garin za ka fara ganinsu, manya-manya, wani kan wani, kamar buhunan hatsi da aka jibga a sito. Tsohon garin da ake kira Garu a tsakaninsu yake, da tsohuwar fadar sarki. Mutanen da sun san abin da suke yi, dutse ya zame musu ganuwa.

Da ɗan gari akan ci gari. Tun kafin ranar, dattawanmu sun je sun gaida masu unguwa, aka haɗa mu da wani magidanci da ya san turbobin wurin. Nan fa babu matakala. Turbar awaki ce tsakanin duwatsu, wani wuri ki hau falalen dutse a karkace, wani wuri sai kin dafa da hannu, wani wuri ki sunkuya ki ratsa tsakanin duwatsu biyu. Ƙadangaru na ta gudu, hasbiyoyi na tashi daga ramuka. Yaran da muka tafi da su suka gano in sun yi kira dutse na amsawa, ai kuwa sai da muka tsawata.

Da muka kai sama muka leƙa ɗaya gefen, sai ga kwari a shimfiɗe, kore a tsakiyar rani. Ga itatuwan dabino, ga mangwaro, ga 'yan lambuna. Mai yi mana jagora ya ce dutse ba ya shan ruwa, duk abin da damina ta zubar a kansa gangarawa yake ya taru a kwari ya nutse, shi ya sa rijiyar kwari ba ta da zurfi kuma shuka take jin daɗi. Dabinon Dutse da muke saye muna sayarwa da azumi, ranar muka ga mahaifarsa. Har cibiyar binciken dabino ta gwamnatin tarayya akwai a garin. Muka sami inuwar tsamiya muka baje dambu da kwaɗon zogale da fura. Muka yi azahar kan falalen dutse. Abincin nan kullum shi muke ci, amma kowa ta rantse ranar ya fi daɗi.

Saukowa ce ta koya mana hankali. Ashe sauka ta fi hawa haɗari: gwiwa ta gaji, ga tsakuwa na mirginawa a ƙarƙashin ƙafa. Ɗaya daga cikinmu da silifas ta zo, mun gani tun a mota ba mu ce komai ba. Santsi ya kwashe ta, ta yi targaɗe a idon sawu. Mu huɗu muka ɗauko ta cikin zani har bakin mota. Mako uku ba ta je kasuwa ba, muka riƙa karɓa-karɓa a rumfarta don kada ciniki ya tsaya. Maigidanta ya yi faɗa, kuma ba mu ga laifinsa ba. Da ta warke ita ce ta fara tambayar yaushe za a koma.

Daga waɗannan fita biyu muka tsara ƙa'idoji, sakatariya ta rubuta su a littafi. Na ɗaya, babu mai zuwa dutse sai ta yi aƙalla wata biyu tana tattakin gida. Na biyu, mai hawan jini, mai ciwon suga, mai ciwon zuciya da mai juna biyu, sai ta tambayi ma'aikatan lafiya tukuna, kuma ta riƙo maganinta. Na uku, takalmi mai rufi da igiya, ko kambas ɗin yaranki na makaranta ne ki ara. Silifas da takalmin biki a bar su gida. A sa wando a ƙarƙashin zani, hijabi kuma matsakaici wanda ba za a taka ba. Na huɗu, kowa da gorar ruwanta da sanda. Na biyar, lokacin fita hunturu ne, daga Disamba zuwa Janairu, a hau da sassafe. Da bazara dutse wuta ne, da damina santsi ne ga macizai, kuma kada a cusa hannu a ramin da ido bai gani ba. Na shida, da izinin maigida, da rakiyar dattawa, da sanin masu garin da za a je, kuma sai an tambayi lafiyar hanya, don ba kowane daji ake shiga ba a wannan zamani. Na bakwai, tafiyar mai rauni ita ce tafiyar kowa. Sannu ba ta hana zuwa.

Akwai masu cewa wannan ɗabi'ar Turawa ce, ko ta masu kuɗin da suka ƙoshi. Da girmamawa muke cewa a sake dubawa. A aji muka karanta labarin Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu, da matan da ake kira 'Yan Taru, waɗanda ke tasowa daga ƙauyuka a ƙafa ƙarƙashin jagorancin jaji, su je su ɗauko karatu su dawo su koyar. Kuma duk wadda Allah ya kai ta Makka ta san sa'ayi: sau bakwai tsakanin Safa da Marwa, kusan kilomita 3, ana bin sawun Nana Hajara, mace ita kaɗai a kwari tsakanin duwatsu biyu tana nema wa ɗanta ruwa. Da yawa a nan muna adashin kujerar Makka. Hajiyoyinmu ga su nan, ku tambaye su ɗawafi da tafiyar jifa. Kuɗi zai kai ki filin jirgi, amma daga nan ƙafa ce za ta yi aiki. Mai tara kuɗin Makka ta tara ƙafar Makka.

Ba mu ce tattaki yana hana ajali ba, kwana in ya ƙare ya ƙare. Ba mu kuma ce duk wadda ta bi mu ta warke ba. Abin da muka gani a jikinmu muke faɗa. Barci ya gyaru. Wasu da aka sake aunawa an ce su ci gaba da abin da suke yi. Wadda da ba ta iya zuwa bakin titi sai ta huta, yau ita ke gaba. Matan Gaya da na Ajingi da a da sai ranar biyan adashi muke haɗuwa, yanzu mun san gidajen juna. Ƙafafun nan sun yi wa kowa aiki. Sun je rijiya, sun je gona kai abinci, sun yi zaryar asibiti da yaro a baya, sun yi jelen biki da suna. Sau ɗaya a shekara su kai mu inda ranmu yake so, ba mu ga ya yi yawa ba.

To ga roƙonmu, guda uku ne.

Na farko, a buɗe asusu daban na fita, naira 100 a mako ga wadda ta ga dama, babu tilas. A kuma rubuta a dokar ƙungiya cewa ko sisi ba za a sake taɓawa daga asusun rance don fita ba, ko da kwamitin fita ne ya zo da kuka.

Na biyu, ƙungiya ta amince da tattakin gida sau biyu a mako a matsayin aikinta, kowace unguwa da mai kula, sannan duk bayan wata uku a gayyato ma'aikatan lafiya su auna mu.

Na uku, fita babba sau ɗaya a shekara. Bana muna so mu je Birnin Kudu, inda akwai Dutsen Habude da Dutsen Mesa. A jikinsu mutanen da suka yi zanen shanu tun zamanin da ba a san takarda ba a nan, kuma akwai duwatsun da in an buga su suke ƙara kamar ƙarfe. Mu da muka koyi riƙe alƙalami da furfura a ka, muna so mu ga abin da na farko suka zana. Muna so kowace ta riƙo 'yarta ɗaya, don kada su kai shekarunmu suna hange.

Ku kuma iyayen gida da ke gefen rumfa, mun gode da izinin da kuka bayar, mun san wasunku sun sha magana a majalisa saboda mu. Dattawa biyun da suka raka mu Dala sun ce su ma ranar suka fara hawa, kuma sun fi mu haki. Ƙofa a buɗe take, a zo a raka mu. Macen da ta dawo da lafiya da fara'a, gidanku ta kawo wa.

Hajiya shugaba, mun gama. In mun yi daidai daga Allah ne, in mun yi kuskure daga mu ne, a yafe mana. Allah ya jiƙan waɗanda muka fara wannan tafiya da su ba su kawo yau ba. Allah ya ƙara wa ƙungiya albarka, ya ba mu ciniki na halal, ya bar mu da ƙafafunmu har tsufa. Yanzu sai a ɗaga hannu.